Ta'aziyyar Ƙwallo da Esharf ɗin Kawu

Akwai wata ƙusa a bangon butik ɗina, wato shagona, can bayan kanta, sama da buhunan shinkafa, wadda na hana kowa cirewa. An sake fenti, an sake wayoyin wuta, ita tana nan da tsatsarta. Yaran da ke shigowa sayen lemo suna tsammani tsufa ne ya fara taɓa ni. To bari in ba ku labarinta, ku magoya bayan ekip ɗinmu na ƙwallo na Lyon da kuka taso jiya-jiya, masu kallon ƙwallo a tafin hannu, kowa kansa sunkuye kamar kaza a kan tsaba. Ku ƙwallo kuke kallo. Mu a zamaninmu gaba muka ƙulla da ita, kuma ni tawa ba ta mutu ba har yau.

Na zo garin nan daga Damagaram ina saurayi, da rigar da ba ta tare ko iskar fanka, na sauka hannun Kawu, ƙanin mahaifiyata. Shi ya daɗe yana aiki a izin, wato masana'antar ƙera manyan motoci, da bayansa ya gaza sai ya buɗe wannan butik a unguwar La Guillotière. Aikina kullum ɗaya ne. Da safe in share ƙofa, in zazzage goro a tabarma in tsince mai sankara, in yayyafa wa sauran ruwa in mayar cikin ganye, in kakkarya busasshen kifi, in ɗaure daddawa da kyau don kada maƙwabtanmu Larabawa su sake yin ƙorafin wari. Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙarar cazbin Kawu, da ƙugin motocin bas a kan titi, da wata 'yar radiyo mai eriya da aka ɗaure da zare, wadda sai an mare ta take magana. Kawu ba mai yawan surutu ba ne. In na yi gaggawa a aiki sai ya ce, sauri ya haifi nawa. In na yi fushi da mai saye sai ya ce in haɗiye, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma ranar da ekip ɗinmu ke da wasan kofin Turai, wannan dattijo mai sanyin hali yakan koma wani mutum daban.

A kan ƙusar nan yake rataye esharf ɗinsa, wato dogon ƙyallen ulun da masu zuwa kallo ke naɗawa a wuya, ja da shuɗi, ya koɗe har jan ya koma ruwan goro. Ya ba ni labarinsa tun ina sabon zuwa. A hunturunsa na farko a ƙasar nan, ba wanda ke kiran sunansa a izin, sai dai a nuna shi da haɓa. Rannan wani Bature da suke ɗaura taya tare ya ja shi zuwa stad, filin ƙwallo, ana wasa da wasu baƙi daga wata ƙasa. Kawu yana tsaye yana karkarwa, haƙoransa na haɗuwa, sai mutumin ya kwance esharf daga wuyansa ya naɗa masa, ya ci gaba da ihunsa. Kawu ya ce ranar ce ya fara jin shi ma mutum ne a garin nan. Tun daga lokacin, duk wasan Turai sai ya sauko da shi ya naɗa, ko ana zafi, ya mayar da shi ƙusa bayan an tashi. Ni kaina ban taɓa sa shi a wuyana ba, ban isa ba.

Kai, an yi zamani. Akwai shekarun da kofin ƙasar nan ya zama kamar kwanon gidanmu, kowace shekara sai ya dawo, manyan Turai kuwa in suka ji za su zo Lyon sai su sha jinin jikinsu. Muna da wani mai bugun tazara da in ya ajiye ƙwallo ya ja da baya, Kawu kan tsayar da cazbi, gola kuma ya fara salati da yarensu. Muna da 'yan Afirka a tsakiya, ƙarti, waɗanda ba a wuce su sai da izini. Muna da yaran unguwanni da muka san iyayensu, suna zuwa sayen barkono a wurinmu. Stad ɗin yana cikin gari, da ƙafa ma ana zuwa, kana tafe kana jin waƙar jama'a tana tasowa kamar hadari. Wanda bai samu tike ba ya zo butik, mu jera buhuna mu zauna, shayi na tafasa. Yanzu fa? An kai stad bayan gari, sai ka hau wannan ka sauka ka hau wancan. Yaro na fara iya taɓa ƙwallo za a sayar da shi kamar ɗan akuya ranar kasuwa. Masu zuwa butik sauraro kuma sun ƙare, wasu ƙasa ta rufe su, wasu sun koma gida.

A wancan zamanin muna da wata al'ada tsakaninmu da Hausawan Paris, 'yan unguwar La Goutte d'Or, kuma Kawu ne ya kafa ta da wani tsohon abokinsa na can. Muna ce mata ta'aziyyar ƙwallo. Duk garin da aka fitar da ekip ɗinsa daga babban kofin Turai, ana ɗauka an yi musu mutuwa. Mutanen ɗaya garin za su hau jirgin ƙasa su zo da goro da dabino, a shimfiɗa tabarmi, su zauna da fuskar jimami suna ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ashe haka Allah ya yi da marigayi. Kai kuma da aka yi wa rashi ba ka da bakin ramawa, sai ka sunkuyar da kai ka ce haƙuri sai ma'aiki, ka ba su abinci su ci su ƙoshi. In za su tafi sai a yi rabon gado: su ɗauki abu ɗaya na ekip ɗinku da suka gani a butik, ko kofin shayi mai tambari, ko kalanda, ko 'yar tuta. Abin zai zauna hannunsu har ranar da aka fitar da nasu, mai abu ya je da ƙafarsa ya yi ta'aziyya, ya karɓo nasa, ya ɗauko nasu. Wasa ne, kuma da shi muke ganin juna, don in ba shi ba sai shekara ta wuce ɗan Lyon bai ga ɗan Paris ba.

Cikin 'yan Paris akwai taubashina, ɗan goggona, tare muka yi kiwon awaki a gida. Allah ya yi shi da baki. Dogo ne siriri, da wata hular Paris da ba ya cirewa sai zai yi shafar kai a alwala, ga dariya irin ta mai shaƙuwa. Taubasantaka ta ba shi izinin ya zage ni a gaban kowa, ni ma haka, ba mai jin haushi. Abin da ke cin ransa shi ne, a shekarun nan nasu ekip ɗin ba ya ko shiga babban kofi. Mu ne kullum a ciki, mu ne kullum ake fitarwa daga baya, saboda haka su ne kullum masu zuwa ta'aziyya, mu ba mu da ranar zuwa. Yakan ce wanda bai fita yaƙi ba ba a kawo gawarsa. Kofunan shayinmu da kalandunmu duk suka ƙare a Paris, muna dariya, don me ake da kofin shayi.

Sai wata shekara da muka sa rai da gaske. Mun yi nisa, mun je gidan wani babban ekip a ƙasarsu, muna riƙe da abin da zai wuce da mu, har Kawu ya fara naɗe tabarmarsa. A 'yan mintocin ƙarshe aka zura mana, kafin mu farfaɗo aka ƙara. Kawu ya kwance esharf, ya mayar ƙusa. Ranar Asabar 'yan Paris suka iso, taubashina a gaba, ya sa baƙin tabarau kamar wanda ya yi kuka. Suka yi ta'aziyya, suka cinye mana shinkafa da miyar kuɓewa. Da aka zo rabon gado na tura masa wani sabon agogon bango mai tambarinmu, wanda na saya musamman don su ɗauka. Ja'irin bai ko dube shi ba. Ya zagaya bayan kanta, ya miƙa dogon hannun nan nasa ta saman kan Kawu, ya zare esharf daga ƙusa.

Kowa ya san ba a haka. Ba a taɓa faɗa ba, amma kowa ya sani, ba a taɓa kayan dattijo. Har mutanensa suka ce ya mayar. Na miƙe, wallahi da niyyar in karya masa hannu, sai Kawu ya riƙe bakin rigata.

"Zauna," in ji shi. "Ni na kafa dokar, ba a kaina za a karya ta ba. Ɗana, tafi da shi. Ranar taku na nan tafe, zan zo da ƙafata."

Taubashina ya naɗa shi a ƙugu kamar ɗamarar ɗan dambe, ya fita yana wannan dariya tasa.

Ranar tasu ba ta zo ba, don ba su shiga ba balle a fitar da su. Kawu ya ci gaba da sauraron wasanni da wuya tsirara. In an fara sai in ga hannunsa ya tafi ƙusa da kansa, ya dawo wayam. Bai taɓa yin ƙorafi ba, na saya masa sabo ya ce in ba mai bukata. Sai ciwon ƙirji ya kwantar da shi, likitoci suka ce mu yi ta addu'a. Ban gaya masa ba na hau jirgi na tafi Paris. Na tarar da esharf ɗin a butik ɗin taubashina, rataye a wata ƙusa sama da bokitin goge ƙasa, bakinsa na kusa da taɓa ruwan dauɗa. Na haɗiye abin da na haɗiye, na roƙe shi. Ni da ban taɓa roƙonsa ko allura ba, na ce Kawu ba lafiya, ya ba ni aro, in ya warke zan dawo da shi da hannuna. Ya ɗauka dabara ce irin ta taubasai. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce mu 'yan Lyon mun iya ƙarya, ya ce:

"Mai abu shi ke zuwa da ƙafarsa."

Kawu ya rasu kafin hunturun shekarar ya fita. Na ga hannunsa yana laluben wuyansa a gadon asibiti, ban san ko sanyi yake ji ba ko wani abu yake nema. Taubashina ya zo ta'aziyyar gaske, ya yi kuka, ya ce bai san abin ya kai haka ba. Na zuba ido in ga ko ya zo da shi a jaka. Bai zo da shi ba. A ranar na rantse a zuciyata sai na karɓo esharf ɗin nan da ƙarfin doka, a gaban mutanensa, yana sunkuye, kuma sai na sa ya ɗanɗani abin da na ɗanɗana.

Allah da ikonsa, sai masu kuɗi suka saye ekip ɗinsu, suka tara 'yan wasa daga ko'ina kamar ana tara kayan lefe, suka fara shiga babban kofi kowace shekara. Kuma kowace shekara sai an kunyata su, wani lokaci ma bayan sun riga sun fara rawa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Farkon fitar da su na ɗinka sabuwar riga, na sayi goro mafi kyau, na ɗebi duk wanda ke iya tafiya a La Guillotière. Na zauna a tabarmarsa na yi masa ya haƙuri har muryata ta dushe, na tambaye shi ko marigayin ya bar wasiyya, na ce a gaya mana nawa aka kashe a magani. Ya sunkuya yana amsawa kamar yadda doka ta ce. Da na miƙa hannu zan sauko da esharf daga saman bokiti, sai ya tare ni. Ya ce kofunan shayi kayana ne, in kwashe. Wannan kuwa na Kawu ne, kuma mai abu shi ke zuwa da ƙafarsa. Na ce ni ne magajinsa, ya ce dokar ba ta san magaji ba. Dattawan da za su raba mu duk sun mutu, sauran kuwa dariya suke yi. Tir da wannan rana.

Haka muka yi ta yi, gemunmu na fari. Duk shekarar da aka fitar da su ina jirgin farko. Sauran 'yan rakiya suka gaji, yara suka ce wasan tsofaffi ne, suka koma zagin juna a waya, ni kaɗai nake zuwa da ƙullin gorona. Na gaji tutarsa na rufe firijin kifi da ita. Na gaji kofinsa na zuba ƙusoshi. Na gaji rigar wani ɗan wasansu da ya saya da tsada, na shimfiɗa wa magen butik. In ya zo tasa ta'aziyyar ya karɓe su yana tsaki, ni kuma in ji sanyi a raina. Amma duk zuwana esharf na nan sama da bokiti, yana kallona, in dawo Lyon ba tare da shi ba. Matata ta ce in bar wa Allah, na ce na bar masa komai ban da wannan.

Sai abin da nake tsoro ya faru, suka ci kofin. Na kashe talabijin tun kafin a tashi, na ƙi fita har washegari. Da wayata ta yi ƙara na san shi ne, na shirya wa zagi. Sai na ji muryarsa ta yi laushi, yana numfashi sama-sama. Ya ce tunda Allah ya cika musu buri, in zo in karɓi tsummana, ya ba ni sadaka. Sadaka. Ni zai ba sadakar kayan Kawu, ranar da yake kan doki ni ina ƙasa. Na ce ya riƙe sadakarsa, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, ranar da aka fitar da su zan zo in karɓa yana sunkuye. Ya yi 'yar dariyar nan tasa, tari ya sarƙe shi, ya ce Allah ya kai mu.

Bai kai ba. Ɗansa na fari ne ya kira ni, ya ce Baba ya cika da asuba, ashe ya daɗe da ciwo ya hana a gaya mini. Na hau jirgin da na saba hawa, wannan karon ba goro a hannuna. Aka kawo shi masallacin unguwarsu don a yi masa salla kafin a kai shi gida Damagaram. Da aka daidaita sahu, ɗan ya juyo ya fuskanci jama'a kamar yadda aka saba, ya ce duk wanda ke bin mahaifinsu wani abu ya faɗa yanzu a sauke masa nauyi, ko ya yafe. Aka fara mun yafe, mun yafe. Na ji bakina ya buɗe.

"Ni ina bin sa."

Yaron ya matso, idonsa jajir, ya ce Baba nawa ne. Na ce ba kuɗi ba ne, esharf ne ja da shuɗi, na kawuna, kuma ba zan ce na yafe ba sai na gan shi a hannuna. Wasu samari suka harare ni kamar na zagi gawa. Wani tsoho daga cikin tsofaffin 'yan ta'aziyyar ƙwallo ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na rawa, ban san dariya yake ko kuka ba. Liman ya ce haƙƙi haƙƙi ne ko na allura, ɗan ya ɗauki nauyi a gaban shaidu, sannan aka yi salla. Ban ji kunya ba, kuma har yau ban ji ba.

Na ɗauka butik za a kai ni, sai aka kai ni gidansa. Hajiya matarsa ta fito daga ɗaki da wani ƙunshi na farin yadi, ta ajiye a gabana. Na kwance. Esharf ɗin ne, a ninke, tsaf, yana ƙamshin kafur, an ɗinke inda ya fara zarewa da zare ja. Na ce ai wannan a saman bokiti yake kwana. Ta girgiza kai. Ta ce tun rasuwar Kawu a cikin akwatinsa yake, tare da haraminsa na Makka. Sai ranar da ya san zan zo yake ɗauka ya kai butik ya rataye, in na juya baya ya sauko da shi ya kawo gida.

"Na ce masa ya ba ka mana," in ji ta. "Ya ce in ya ba ka, me zai ƙara kawo ka Paris?"

Wallahi ban taɓa jin haushinsa kamar lokacin ba. Shekara da shekaru ina ƙonewa a kan bokitin nan, ashe ɗan banzan wasa yake da ni, kuma ya tafi ya bar ni ba wanda zan rama a kansa. Hajiya ta tambaye ni ko yanzu na yafe masa. Na ce bashi ya fita, na lahira na yafe duka, Allah ya haskaka kabarinsa. Na duniya kuwa da saura, don na zo ta'aziyya, kuma ba a tashi ta'aziyya ba rabon gado. Na duba ɗakin, na ga hular nan tasa ta Paris a kan kujera, har yanzu da shatin kansa a jiki. Na ɗauka na sa a aljihu. Ba wanda ya hana ni.

Esharf ɗin Kawu ya koma ƙusarsa, ga shi can, in ana wasan Turai nakan sauko da shi in ɗora a cinya, ko da 'yan wasan yanzu ba su cancanci a naɗa shi dominsu ba. Hular kuwa na buga mata sabuwar ƙusa, daidai saman bokitin goge ƙasa, kuma ni ba na sauko da ita in an rufe butik, a nan take kwana. Kwanan baya ɗansa ya kira, da ladabi, ya ce ko zan aiko musu da ita su ajiye don tunawa. Na ce ya gaishe da Hajiya, amma dokar ba ta san magaji ba. Mai abu shi ke zuwa da ƙafarsa.

Ina nan bayan kanta ina tsince goro. Duk sanda ƙofa ta buɗe, sai na ɗaga kai.